Yadin Japan, Dokar Landan, Kasuwar Kano

A ranar 7 ga Mayun 1934 ministan ciniki na Birtaniya, Walter Runciman, ya miƙe a majalisar dokoki ta Landan ya sanar cewa an ƙayyade yawan yadin auduga da na silikin inji da ƙasashen waje za su riƙa shigarwa ƙasashen da Birtaniya ke mulka. Ma'aunin da aka ɗauka shi ne matsakaicin abin da kowace ƙasa ta shigar tsakanin 1927 da 1931. A takarda wannan adalci ne, kowa da kasonsa gwargwadon abin da ya saba kawowa. Amma duk wanda ke zauren ya san da wa ake. A waɗancan shekaru biyar yadin Japan bai riga ya cika kasuwa ba, sai bayansu ya yi ambaliya. An zaɓi shekarun ne don kason Japan ya fito ɗan mitsitsi.

Abin da ya fi ɗaukar hankali a dokar shi ne yadda ta sauka daban-daban a wurare daban-daban, alhali sarki ɗaya ne, tuta ɗaya. A Jamaika da Malaya ta hau kan yadin kowace ƙasar waje. A Nijeriya da Gwalkwas, wato Ghana ta yau, Japan kaɗai aka ware aka kama da suna. A Kenya da Uganda da Tanganyika kuwa ba ta taɓa kowa ba, yadin Osaka ya ci gaba da sauka a Mombasa hankali kwance. Ba tausayi ne ya kawo bambancin ba, ba kuma mantuwa ba. Tsofaffin takardu ne da Birtaniya ta sa wa hannu tun kafin a haifi yawancin masu sayen yadin, suka riƙe mata hannu a nan, suka sake shi a can.

Sai an koma baya kafin a gane. Tun da Ingila ta soke dokokin kare hatsinta a 1846 ta mai da cinikin da babu shinge kamar aƙida, kuma tana da dalili: masaƙun Lancashire sun fi na kowa araha, buɗe ƙofa riba ce gare ta. A 1860 ta ƙulla yarjejeniyar ciniki da Faransa, wadda Richard Cobden da Michel Chevalier suka shirya, daga nan wani sharaɗi ya bazu cikin yarjejeniyoyin Turai. Sharaɗin mai sauƙin faɗi ne: duk rangwamen kuɗin fito da ka yi wa wata ƙasa, dole ka yi wa wanda kuka ƙulla wannan alkawari da shi. Ba ya hana ka ɗaga haraji. Abin da yake hanawa shi ne ka ɗaga wa wane ka bar wane. Wannan ɗan bambanci shi ne ƙashin bayan labarin nan gaba ɗaya.

Takardar da ta shafi Nijeriya an sa mata hannu a Paris ranar 14 ga Yunin 1898. A lokacin sojojin Ingila da na Faransa sun yi cirko-cirko a ƙasar Bargu, kowa na kafa tuta a gefen ta ɗan'uwansa, har ana tsoron a gwabza. Yarjejeniyar ta raba ƙasa, ta zana wani baka mai nisan mil ɗari kewaye da Sakkwato, ta ba Faransa hayar fili biyu a kan kogin Kwara, ɗaya a Forcados ɗaya a Bajibo. A sashe na tara kuma ƙasashen biyu suka yi wa juna alkawarin cewa har shekara talatin ba za a bambanta mutanensu da hajarsu ba wajen kuɗin fito da haraji da zirga-zirgar kogi, a yankin da ya haɗa da Nijeriya da Gwalkwas da Kwaddebuwa da Dahomey, wato Benin ta yau. A lura da shekarar. Sai a 1903 Turawa suka ci Kano da Sakkwato. An tsara sharaɗin cinikin kasuwar Kurmi shekara biyar kafin masu tsarawar su mallaki ko rumfa ɗaya a cikinta.

Kano kuwa ba baƙuwar harkar tufafi ba ce. Da Heinrich Barth ya zo a 1851 ya kimanta tufafin da birnin ke fitarwa a shekara da wuri miliyan 300, ya ga saƙin Kano da rininta suna kaiwa har Timbuktu da Gat da Tarabulus. Ko da jirgin ƙasa ya iso a 1911 masaƙan gida ba su mutu ba. Ƙungiyar da masu masaƙun Ingila suka kafa a 1902 don noman auduga a ƙasashen mallaka ta sa rai Arewa za ta zama gonar Lancashire, sai ta tarar masu kaɗi da saƙa na gida suna biyan manomi fiye da abin da take bayarwa, manoman Kano kuma suka karkata ga gyaɗa. Amma jirgin da ke saukar da gyaɗa Ikko ba ya komowa wayam. Bandir-bandir na akoko da alawayyo da atamfa suka riƙa hawowa, ta hannun su John Holt da G.B. Ollivant da kamfanin UAC da aka haɗa a 1929, har yadin kanti ya shiga rigar talaka, ya shiga karofin marina, ya shiga likkafani.

Sannan duniya ta rikice. Kasuwar hannun jari ta New York ta rushe a Oktoban 1929, kuma a Yunin 1930 shugaba Herbert Hoover ya sa hannu a dokar Smoot da Hawley wadda ta ɗaga kuɗin fito a kan kaya fiye da dubu ashirin, duk da takardar roƙo da masana tattalin arziki fiye da dubu suka aika masa. Kanada ta rama, wasu suka bi. Ingila ma ta tuba daga tsohuwar aƙidarta: a farkon 1932 Neville Chamberlain ya gabatar da dokar harajin kashi goma cikin ɗari a kan yawancin kayan waje, da bazarar shekarar kuma aka taru a Ottawa aka amince ƙasashen daular su riƙa fifita kayan juna. Saliyo da Gambiya sun shiga tsarin fifikon. Nijeriya da Gwalkwas ba su iya ba, domin shekara talatin ɗin ta cika amma ba wanda ya janye daga takardar 1898, tana nan da ranta. Idan aka rage wa yadin Manchester haraji a Ikko, dole a rage wa na Faransa, daga nan kuma duk mai riƙe da waccan ƙa'ida ta rashin bambanci ya miƙo hannu.

A daidai wannan lokaci Japan ta iso. Labarinta akwai darasi a ciki, domin ita ma an taɓa ɗaure ta. Yarjejeniyoyin da Turawa suka sa ta ƙulla a 1858 sun hana ta yanke wa kanta kuɗin fito, sai a 1911 ta ƙwato wannan iko, a shekarar da ta sabunta yarjejeniyar cinikinta da Birtaniya a matsayin tsara da tsara. Cikin waɗannan shekaru ta gina masaƙu a Osaka da kewaye, da sababbin injuna, da 'yan mata daga ƙauye masu aiki kan lada kaɗan, da dabarar gauraya audugar Indiya mai araha da ta Amurka. Har ta kai a 1929 kamfanin Platt Brothers na Oldham, wanda duniya ke sayen injin saƙa a wurinsa, ya amince ya biya fam dubu ɗari don samun izinin ƙera injin da Sakichi Toyoda ya ƙirƙira. A Disamban 1931 Japan ta saki kuɗinta daga ma'aunin zinariya, darajar yen ta faɗi warwas, yadinta ya ƙara araha. A 1913 Lancashire ta fitar da yadi wajen biliyan bakwai. A 1933 abin da ta fitar bai wuce biliyan biyu da 'yan kai ba, kuma a shekarar Japan ta sha gabanta, ta zama ta ɗaya a duniya.

Mu dubi abin daga rumfar mai sayen yadi. Farashin gyaɗa da auduga da fatu ya zube, amma harajin kai da jangali ba su zube tare da shi ba, kuma da tsabar kuɗi ake biya. Manomin da ya sayar da amfanin gonarsa ya biya haraji, abin da ya rage a aljihunsa 'yan sulalla ne, ga iyali na jiran ɗinkin salla. A wurinsa yadi mai araha sauƙi ne daga Allah, ko daga wace ƙasa ya fito. Kason Japan a kasuwar Nijeriya bai kamo na Ingila ba. Saurin hawansa ne ya tayar da hankalin 'yan kasuwar Manchester, waɗanda suka riga suka ga abin da ya faru da su a Indiya da Gabashin Afirka, suka ƙudura cewa Afirka ta Yamma ba za ta suɓuce ba.

Indiya ce ta fara gwada hanyar. A Afrilun 1933 gwamnatinta ta ba da sanarwar janyewa daga yarjejeniyar cinikinta da Japan ta 1904, a Yuni kuma ta ɗaga harajin yadin da ba na Ingila ba zuwa kashi 75 cikin ɗari. Masu masaƙun Osaka suka rama ta inda ya fi ciwo, suka daina sayen audugar Indiya. Dole aka zauna, aka yi sulhu a farkon 1934: Japan ta sayi auduga kaza, a bar ta ta shigar da yadi kaza. Indiya tana da abin da Japan ke so, saboda haka aka yi ciniki da ita. Nijeriya ba ta sayar wa Japan wani abin kirki, don haka ba wanda ya ji tsoron ramuwa.

Sauran aikin na lauyoyi ne, kuma sun yi shi da tsabta. Yarjejeniyar 1911 ta ba Japan haƙƙin kada a bambanta ta, amma tana da ƙofar fita: ana iya cire wata ƙasar mallaka daga cikinta idan an ba da sanarwar wata goma sha biyu. A Mayun 1933 Landan ta ba da wannan sanarwa game da Afirka ta Yamma. Aka shiga tattaunawa tsakanin masu masaƙun ƙasashen biyu a Landan, ta watse a Maris 1934, kuma kafin shekarar sanarwar ta cika komai ya kammala. Tun da takardar 1898 ta hana a taɓa Faransa, ba za a iya yin doka mai hawa kan kowa ba, sai aka yi wadda ta hau kan Japan ita kaɗai, tun da ita ce yanzu ba ta da takardar da za ta nuna. Ba a karya alkawari ko ɗaya ba. An dai duba wanne ne ke kwancewa, aka kwance shi.

A Gabashin Afirka ƙullin ya ƙi kwantuwa. Taron Berlin na 1885 ya ayyana yankin kogin Kwango, wanda a taswirarsu ya miƙe har gaɓar tekun Indiya, a matsayin filin ciniki na kowa. An sabunta wannan a Saint-Germain a 1919, kuma Japan na cikin masu sa hannu, domin tana ɓangaren da ya ci Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wannan ba takarda ce ta mutum biyu ba da ɗaya zai aika wa ɗaya wasiƙa ya fita. Ƙasashe da yawa ne a ciki, kowace da moriyarta. Saboda haka mutumin Kampala ya ci gaba da sayen yadin Japan da arha, mutumin Zariya kuwa aka mai da shi ga na Manchester. Ba wanda ya shawarci ko ɗaya daga cikinsu. A Silon, wato Sri Lanka, majalisar ƙasar ta ƙi amincewa da ƙayyadewar, sai aka ɗora mata ita da umarni daga Landan. A Nijeriya ko wannan gardamar ba ta da filin yi sosai: majalisar da ke Ikko zaɓaɓɓu huɗu kacal gare ta, uku daga Ikko ɗaya daga Kalaba, ikonta ma bai kai Arewa ba, gwamna ne ke yi wa Arewa doka shi kaɗai.

A ganina nan ne ya kamata a raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai kariyar da ƙasa ke yi wa masana'antarta, inda mai saye ke biyan ƙari amma aikin yi na zama a gida. Ana iya gardama a kanta, kuma Amurka da Jamus da Japan duk sun yi ta suna tasowa. Ta 1934 ba irinta ba ce. Mai biyan ƙarin yana Kano, masaƙar da ake karewa tana Blackburn. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Kuma ko gardin bai kwashe duka ba, domin gurbin da Japan ta bari wasu ƙasashen da dokar ba ta ambata ba sun cike wani ɓangarensa. A 1936 Faransa da kanta ta janye daga sharaɗin 1898, tana so ta keɓe wa masana'antunta Kwaddebuwa da Dahomey. Alkawarin da ya gagari Lancashire, wanda aka yi dominsa ne ya yar da shi da ya daina yi masa amfani.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka ce an koyi darasi. A Geneva, ranar 30 ga Oktoban 1947, ƙasashe 23 suka sa hannu a babbar yarjejeniyar kuɗin fito da ciniki da ake kira GATT. Sashenta na farko shi ne tsohuwar ƙa'idar nan ta rashin bambanci, na goma sha ɗaya kuma ya haramta ƙayyade yawan kaya. Amma wanda ya karanta gaba zai ga ƙofofi a jere. An bar fifikon Ottawa yadda yake. An yarda ƙasa ta toshe kaya idan kuɗin wajenta ya ƙare, ko idan wata masana'antarta na neman durƙushewa, ko don tsaro. Akwai kuma sashe na 35, wanda ya ba tsohon mamba damar cewa shi bai san da sabon shiga ba. Da Japan ta shiga a 1955, ƙasashe goma sha huɗu, har da Birtaniya da Faransa, suka fake da wannan sashe. Nijeriya ta shiga GATT a 1960 ta hanyar gadon kujerar da Birtaniya ta riƙe mata, ta gaji har da wannan wariyar.

Yadi dai bai taɓa zama ƙarƙashin ƙa'idar ba. Da masaƙun Hong Kong da Indiya da Pakistan suka fara damun Amurka da Turai, sai aka yi masa keɓaɓɓen tsari na ɗan lokaci a 1961, aka mai da shi na dogon lokaci a 1962, aka faɗaɗa shi a 1974 ya haɗa da ulu da zaren roba. Ƙayyadewar da aka haramta a shafin farko ta dawo da izinin kowa, ta zauna fiye da shekara arba'in.

A wannan tsakanin ne Arewa ta gwada tata kariyar, ta gaskiya a wannan karon. A 1957 masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri, haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna da kamfanin David Whitehead na Lancashire, wanda ya ga cewa gara ya saƙa a nan da ya rasa kasuwar gaba ɗaya. A shekarar aka yi dokar sassauta kuɗin fito ga kayan aikin masana'antu, a 1958 aka yi ta hana jibgo kaya a farashin karya kasuwa, bayan samun 'yanci kuma aka yi ta ɗaga harajin yadin waje. Sakamakon ya zo da abin dariya. Kamfanonin saƙa na Japan, da suka ga bango ya yi tsawo, suka tsallako suka kafa Arewa Textiles a Kaduna, 'yan kasuwar Hong Kong kuma suka kafa UNTL. Waɗanda aka kora daga tashar Ikko a 1934 suka zama masu ba 'yan Arewa aiki. Daga baya aka haramta shigo da yadi ɗungurum, Kaduna da Kano da Funtuwa da Gusau suka cika da ma'aikatan masaƙa.

Yau idan aka tambayi tsohon ma'aikaci a Kakuri me ya kashe masaƙu, sau da yawa zai ce shigarmu Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya a 1995 da ɗage haramcin shigo da yadi a 1997. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba ce. Nijeriya ba ta ɗaure kanta sosai a yarjejeniyar ba. Wajen kashi ɗaya cikin biyar na jerin kayanta kawai ta yi alkawarin iyakar harajinsu, gwamnatin Obasanjo ma ta maido da haramcin ba tare da wani ya ja ta kotu ba. Tun 1986 aka rushe hukumar auduga, naira ta faɗi, kayan gyaran inji suka yi tsada, wutar lantarki ta zama sai an gani, baƙin mai ya yi wuya. Atamfar Sin da ta cika Kantin Kwari kuwa yawancinta ba ta bi ta ƙarƙashin wata yarjejeniya ba. Ta sauka ne a Kwatano ko Lome, ta hau Maraɗi a matsayin kayan wucewa, ta tsallako da dare. Sin ta shiga ƙungiyar a Disamban 2001, tsarin ƙayyade yadi na duniya ya ƙare ranar 1 ga Janairun 2005, masaƙun da ke sa ran sayarwa waje su ma suka rasa madafa. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta bi a 2007.

A yankinmu kuwa yanzu Nijeriya ce babba, kuma ta koyi yadda manya ke yi da takarda. Tana cikin tsarin ECOWAS da ya ce kayan da aka noma ko aka ƙera a ƙasashen ƙungiyar su wuce ba haraji. Ranar 7 ga Yulin 2019, a Yamai, shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a yarjejeniyar kasuwar bai ɗaya ta Afirka, bayan jan ƙafa na fiye da shekara. Ranar 20 ga Agusta, mako shida bayan haka, gwamnatinsa ta rufe iyakokin ƙasa don kare manoman shinkafa da daƙile fasa-ƙwauri. Wannan karon ko sanarwar wata goma sha biyu ba a bayar ba. Motoci suka yi layi a Seme da Jibiya, masu wake da albasa da dabbobi na Nijar, waɗanda hajarsu halal ce a ƙarƙashin yarjejeniyar, suka tsaya tare da masu sumogar shinkafar Thailand. Benin da Nijar da Ghana sun yi kuka, an kafa kwamitoci, ba abin da ya motsa har sai da Abuja ta ga dama. A Disamban 2020 ta miƙa takardar amincewarta da kasuwar Afirka, ta buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum, ta ce shinkafa da kaji har yanzu ba za su shigo ba.